Shekara Tara, Ba Gyambo Ko Ɗaya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Surukata, uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta da ke bayan kasuwar Filinge, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kwana ukun farko gidan bai ɗauke mu ba. Maza sun cika rumfar ƙofar gida har bakin hanya, mata sun cika tsakar gida. Dangin mijinta mutanen gari ne, dukawa da 'yan kasuwa, su suka zauna kusa da liman. Danginta na ƙauye, daga wajen Tabla, suka shimfiɗa tabarminsu can gefe ƙarƙashin dogon yaro, don har yanzu wasunsu suna riƙe da al'adar kakanni, kuma sun san irin kallon da ake yi musu a gari. Waɗannan duk mun san za su zo.

Akwai kuma waɗanda ba mu zata ba. Wani dattijo ya sauko daga amalanken jaki yana jan ƙafar dama, hannunsa a lanƙwashe a ƙirji. Wata mata ta shigo da goyo, da tabon wuta tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Wata Bazabarma daga Damana ta durƙusa gabana ta ce, "Fonda tilas," wato ta'aziyya da harshensu, ta riƙe hannuwana biyu ta daɗe ba ta sake ba. Da yamma ta yi, sandunan dogarawa da aka jingine a bangon zaure sun yi yawa har yara suna tuntuɓe da su. Wata maƙwabciyarmu ta matso ta raɗa mini, "Wanga zaman makoki na, ko layin asibiti?"

Duk wanda ya shigo magana ɗaya yake yi: "Allah shi jiƙan Inna, mai haƙuri ta." Ina cewa amin, amma maganar tana yi mini ƙaiƙayi. Kowace mace ta mutu haka ake cewa a kanta. Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ke raina, wato wanta, tsohon da mijina ke kira Kawu. Da aka maimaita masa kalmar, sai ya ɗaga kai ya ce, "Haƙuri? Ƙanwata? Tun tana ƙarama, in tac ce ruwan rijiyar can za ta ɗebo, ko igiya ta tsinke sai ta ɗebo. Ku dai ce mai naci."

Don wannan nake rubutun nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi karatun aikin a Yamai, kuma na daɗe ina aiki a asibitin garinmu. Ba zan rubuta sunanta ba, ban taɓa faɗarsa tana da rai ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Amma ba na so a binne ta da kalmar da ba tata ba, a manta abin da hannunta ya iya.

Ban fi shekara ɗaya da 'yan watanni a gidan ba lokacin da surukina, Baba, ya faɗi. Baduku ne. Ranar kasuwa yana zaune a rumfarsa yana ɗinkin kube, sai basilla ta suɓuce masa, ya kife a kan fatun. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, abin da muke kira tansiyo, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Bayan mako biyu aka ce mu koma gida da shi, abin da ya rage aikin gida ne.

Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, malami ne. Da aka shimfiɗe shi a ɗaki ya yi addu'a, ya shafa, ya ce, "To, sai mu jira ikon Allah."

Inna ta ce, "Jira za mu yi, amma ba zaune ba."

Rigimarmu ta farko, kuma ita ce babba, ta zo ne kwana huɗu bayan haka. Na dawo daga aiki na tarar da ɗakin cike da mata 'yan dubiya. Baba yana kwance rigingine, Inna ta tallafi kansa kaɗan tana ɗura masa kunu mai ruwa-ruwa da ludayi. Yana ta tari, idanunsa sun yi ja. Ban san lokacin da na fizge ludayin daga hannunta ba. Kunun ya zube mata a zane. Na ce da ƙarfi, gaban kowa, "Kashe shi za ki yi."

Matan suka dubi juna. Amarya, wadda ko ido bai kamata ta haɗa da uwar miji ba, ta yi wannan. Inna ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ce, "An gode, ɗiyar mutane." Ta fita.

Mijina ya ce in je in ba da haƙuri. Na je na durƙusa, ta ce, "Allah shi yahe muna," ba ta ƙara ko kalma ba. Kwana biyar in na gaishe ta sai ta amsa da kai. A cikin kwanakin zazzaɓi ya rufe Baba, ƙirjinsa ya riƙa ƙara, don kunun ya bi hanyar numfashi. Likita ya rubuta allura, ni na riƙa yi masa. Ranar da zazzaɓin ya sauka, sai na ji sallama a ƙofar ɗakina. Inna ce, wadda ba ta taɓa tako wurin ba, riƙe da ludayin nan.

Ta ce, "Mi kic ce shina hwaruwa in an ba shi kwance?"

Na yi mata bayani cewa hanya biyu ce a maƙogwaro, ta abinci da ta numfashi, kuma ciwon ya raunana abin da ke rufe ta numfashin in mutum zai haɗiya. Sai an zaunar da shi sosai, kansa ya ɗan sunkuya, a ba shi abu mai kauri kaɗan-kaɗan, a bar shi zaune bayan ya gama.

Ta juya ludayin a hannunta. Sannan ta ce, "Gaskiya gare ki. Amma gaskiyar da anka hizge ludayi da ita, sai ta kwana biyar ba ta shiga kunne ba. Tashi ki gwada mini."

Tun daga ranar ba ta ƙara barin in faɗi abu sau biyu ba. Na gaya mata babban abin tsoro ga wanda ya shanye shi ne gyambon kwanciya, in aka bar shi ɓari ɗaya nama ya mutu a ƙugu da diddige. Ta ce ta sani, haka gwaggonta ta mutu a ƙauye, ana toshe hanci kafin a shiga ɗakinta. Na ce a makaranta an koya mana a juya majinyaci duk bayan awa biyu. Inna ba ta san agogo ba. Sai ta ɗauki gawayi ta yi zane-zane a ƙasan bangon tsakar gida, in inuwa ta kai wannan zanen ta juya shi dama, in ta kai wancan ta juya shi hagu. In damina ta wanke zanen ta sake. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa, jikinta ya riga ya san lokacin.

Ta ɗinka matasai ƙanana da tsofaffin zannuwa ta cika su da ƙaiƙayin gero, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin hannun da ya shanye, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri don diddige kada ya taɓa shimfiɗa. Kowace safiya tana duba bayansa da ƙugunsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ta shafa masa man kaɗe. Ta miƙe kowane yatsa ta lanƙwasa, ta ɗaga hannun, ta naɗe ƙafar ta miƙe, yana nishi tana ci gaba. Ta sa aka ɗaura igiya a azarar ɗaki don ya riƙa jawo kansa da hannun hagu. Daga baya ta sa aka kafa itatuwa biyu masu tsawo a tsakar gida, ya riƙa dafawa yana koyon tsayuwa. Tana yawan cewa, "Gado maci amana na. Shina ba ka hutu, shina cin namanka."

Maganarsa ce ta fi ba ta wuya. Kalma ɗaya ta rage masa, "to". Yana jin ƙishirwa, to. Yana jin zafi, to. In ba a gane ba sai ya fusata ya yi jifa da duk abin da ke kusa. Wata rana ya jefe ta da kofi, ya same ta a goshi. Ta ɗauki kofin ta duba, ta ce, "Madalla, ashe hagu na da ƙarhi. Gobe da shi za ka ci tuwo." Kuma haka aka yi. Rabin tuwon a ƙasa ya ƙare, amma ba ta karɓi kwanon ba.

Ita ce ta lura cewa in ta yi masa alwala ta jingina shi don salla, yana karanta Fatiha tun daga farko har ƙarshe, ba gargada. Ta kira ni ta ce in saurara. Na taɓa karanta irin haka a littafi, amma ban taɓa gani ba. Ta ce, "Ashe maganar na nan, hanya ta ta ɓace mata." Daga nan ta riƙa jawo shi da abin da bakinsa ya saba. Ta fara ƙirga, ɗaya, biyu, ya ƙarasa. Ta fara gaisuwa, ya amsa. Ta ɗauko kayan aikinsa ɗaya-ɗaya ta ajiye gabansa ta faɗi farkon sunan ta yi shiru. Bai dawo da maganarsa duka ba, amma ya samu kalmar "ruwa", ya samu "zafi", ya samu "a'a", kuma wannan ta ƙarshe ya yi amfani da ita sosai.

Wata na huɗu da faɗuwarsa Kawu ya zo daga ƙauye. Ɗan bori ne, mutanen yankinsu suna jin maganarsa. Ya dubi Baba ya ce Doguwa ce ta taɓa shi, sai an kai shi ƙauye an yi wasa da goge, an yanka baƙar akuya, kuma a ajiye ƙwayoyin asibiti, don iskoki ba sa son a haɗa su da wani. Baba Ƙarami yana zaure ya ji. Ya ce ba a gidan wansa ba, wannan shirka ce, rubutun da yake aikowa ya isa. Murya ta tashi har maƙwabta suka fara leƙowa.

Inna ta ja mayafinta ta shiga zauren, wurin da mata ba sa zama. Ta fara da wanta. "Yaya, tahi ka yi wasanka can, akuya ni za ni ba ka. Amma shi ba shi zuwa, hanyar kaɗai ta isa ta kashe shi. Ƙwaya kuwa ba ta hwashi ko kwana guda." Sannan ta juya wurin ƙanen mijinta. "Kai kuma, Malam, rubutunka shina sha, zaune, na dama shi cikin kunu. Amma tunda kana son ɗan'uwanka haka, taho gobe da sahe ka kama mini shi mu yi mai wanka. Wata huɗu ina ganin allonka, ban ga hannunka ba."

Kawu ya tafi da akuyarsa yana dariya. Baba Ƙarami ya fita bai yi sallama ba. Amma washegari ya zo, ya naɗe hannun riga. Daga nan kowace Juma'a shi ke yi wa wansa wanka da aski, bai fasa ba sai in ba ya gari.

Baba ya yi shekara tara bayan faɗuwarsa. Ya kai ga takawa da sanda har zaure, ya zauna yana goga wa almajiran sana'arsa zare da kakin zuma da hannun hagu, yana ce musu a'a in sun karkace ɗinki. Shekara biyun ƙarshe ya sake faɗuwa, ya koma gado gaba ɗaya. Ranar da ya rasu, da maza suka gama wankan gawa, Baba Ƙarami ya fito ya tsaya bakin ɗakin Inna yana share ido. Ya ce, "Na wanke gawa da yawa. Wanda ya daɗe kwance, na san abin da nika iskewa. Bayan yaya kamar na jinjiri, ba gyambo ko guda. Allah shi biya ki."

Na ɗauka bayan takaba za ta huta. Wata mata ce a unguwarmu ta hana. Ta shanye, 'ya'yanta suka sa ta a ɗakin baya, suna cewa ta yi tafiya, don kunyar a ga uwarsu tana ɓata shimfiɗa. Sai da wari ya fita suka aiko a kira ni. Muka je tare da Inna. Ramin da ke ƙugun matar nan hannu zai shiga. Muka kai ta asibiti, ba ta yi mako ba ta cika. A hanyar dawowa daga gaisuwa Inna ta tsaya tsakiyar titi tana ƙirga ƙofofi da yatsa. Ta ce, "Gida huɗu tsakaninmu. Ina zaune ina jan tasbaha, tana ruɓewa." Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

Daga ranar ta daina jiran a kira ta. Ranar kasuwa takan je inda masu amalanke ke sauke kaya, ta gaisa da mutanen ƙauyuka, ta tambaya, "Akwai wanda ya hwaɗi garinku?" In an ce akwai, ranar hutuna sai mu tafi, ita da matasanta na ƙaiƙayi, ni da abin awon jini. Ni nake dubawa in ce wannan sai an kai shi asibiti. Ita ke koya wa mutanen gida juyi da ciyarwa da motsa gaɓoɓi, kuma ba ta tashi sai kowa ya yi da hannunsa ta gani. Ba ta taɓa fizge wa kowa ludayi ba. Sai ta zauna ta yaba wa matar gida tsabtar ɗaki, ta sha ruwansu, sannan ta ce, "Ni ma haka nika yi da, har Allah ya kawo mini mai gwada mini."

Ba ko'ina ake maraba da ita ba. Wani ɗan kasuwa a nan gari, da ta ji mahaifinsa ya shanye, ya tare ta a ƙofa ya ce ba su nemi taimakon kowa ba. Ta ce, "Ai ba wurinka niz zo ba." Ta zauna a ƙasa bakin ƙofar, cikin rana, tun hantsi. Masu wucewa suna gaishe ta suna tambaya lafiya, tana cewa lafiya lau, dubiya ta zo. Da la'asar ya fito da kansa ya ce ta shiga. Dattijon nan da ya zo gaisuwa yana jan ƙafa, ɗansa yana riƙe da shi a kan amalanke, shi ne mahaifin.

Matar mai tabon wuta kuma farfaɗiya ce da ita. Tana budurwa lokacin, a wani ƙauye gabas da Tabla. Ciwon ya kayar da ita a murhu tana tuƙa tuwo, mutane suna tsaye ba wanda ya jawo ta, don sun yarda duk wanda yawunta ya taɓa zai ɗauka. Kwanonta daban, tabarmarta daban. Inna ma da wannan imanin ta tashi. A kan amalanke ta tambaye ni sau uku, "Kin tabbata ba a ɗauka?" Sau uku na ce na tabbata.

Da muka isa, na wanke ƙunar na ɗaure. Aka kawo mana fura a ƙwarya mai kyau, aka miƙa wa yarinyar tata a wata tsohuwar ƙwarya daga nesa. Inna ta bari yarinyar ta sha, sannan ta miƙa hannu ta karɓi ƙwaryar, ta kafa baki daidai inda ta sha, ta shanye sauran. Uwar yarinyar ta rufe fuska. Inna ta goge baki ta ce, "In na hwaɗi, ku zo Hilinge ku gani." Sannan ta kwanta a ƙasa da kanta, tsohuwa da ita, ta nuna musu yadda za su juya yarinyar kan ɓari in ciwon ya zo, su janye ta daga wuta, su sa abu mai taushi ƙarƙashin kanta, kada su cusa mata komai a baki. Ni kuma na shirya aka kawo ta asibiti aka ɗora ta kan maganin da ake sha kullum. Sai bayan wata guda Inna ta gaya mini gaskiya: mako ɗaya cur ta yi tana sauraron jikinta, in kanta ya ɗan sara sai gabanta ya faɗi. Na ce to me ya sa ta sha. Ta ce, "Ke kic ce kin tabbata."

Shekarun baya-bayan nan hanyoyin arewa sun lalace da rashin tsaro, tafiyar ta ragu. Sai kuma jikinta ya fara. Na lura hannunta na dama yana rawa in ta ajiye shi a cinya, tana ɓoye shi cikin mayafi. Da ƙyar ta yarda muka je Yamai. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce ciwon rawar jiki ne, ba ya warkewa, amma magani yana sassautawa. Ya sassauta kuwa, shekara uku. Daga baya tafiyarta ta koma gajerun taku, in ta zo bakin ƙofa ƙafafunta su manne da ƙasa. Fuskarta ta daskare, muryar nan da ta cika zaure ta koma raɗa. In an yi mata tambaya amsar takan daɗe kafin ta fito, har mutum ya ɗauka ba ta ji ba ya wuce.

Ban taɓa jinyar mai taurin kai irinta ba. Ta ƙi sanda, ta ƙi a ba ta a baki. Wanka kuwa ta ce sai ɗiyarta, wadda ke aure a Abala, ga hanya ba kullum take biyuwa ba. Surukuta ta hana ta yarda da ni. Sai ranar da ta zame a banɗaki, na same ta zaune a ƙasa ta kasa tashi. Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Kin ga na kowa. Taho ki ga nawa." Tun daga ranar ta daina ce mini ɗiyar mutane ko da wasa, ta koma ɗiyata.

Watannin ƙarshe a gado ta yi su. Na yi mata duk abin da muka saba yi wa wasu, kuma ina alfahari da hakan. Juyi ba ya wuce lokacinsa, fatarta sumul. Wata safiya ina sauri zan tafi aiki, ni da babbar 'yata muka kama ta za mu juya, muna maganar cefane ta saman kanta. Sai na ji yatsunta sun kama wuyan hannuna. Na sunkuya na kai kunne. Na jira har na fara tunanin ba abin da za ta ce.

Ta ce, "Ɗiyata, kina juya ni kamar masa cikin tanda."

Na ce ta yi haƙuri, ko na ji mata ciwo ne.

"Ba ciwo. Kin iya. Amma ba ki tambaye ni ba." Ta huta. "Ina cikin tunanina, sai in ji an ɗauke ni an kihe. Ina kallon ƙohwa, sai in ga bango."

Na ƙara matso da kunnena. Ta ci gaba, kalma ɗaya-ɗaya, ina haɗawa.

"Shekara tara haka niy yi ma babanku. In inuwa ta kai, in juya shi. Ban taɓa ce mai, in juya ka? Na tsare mai hwata, ban san abin da ke ranai ba."

Na ce, "Inna, Baba bai taɓa kuka da ke ba."

Ta ce, "Da wane baki?"

Hawaye ya gangaro mata a fuskar nan da ba ta motsi. Na goge. Ta ce in gaya wa duk matan da ta koya wa, ta bar abu guda ba ta koya musu ba, don ita ma yanzu ta sani. A yi sallama, a faɗi abin da za a yi, a tambaya, sannan a jira, komai nisan amsar.

Ranar na makara zuwa aiki. Mako uku ta ƙara a duniya, kuma ban sake taɓa ta ba sai na tambaya. Wani lokaci ta lumshe ido, ma'ana to. Wani lokaci ta ce, "Bari kaɗan," in zauna in bari kaɗan. Ba ta yi gyambo ba don wannan ɗan jinkirin.

Saƙon nata na isar. Matan da suka zo gaisuwa na tara su a ɗakina kafin su watse na faɗa musu, kuma mun yi alkawari duk ranar kasuwa ta farkon wata za mu haɗu a tsakar gidan nan, kowacce ta kawo labarin majinyatan ƙauyensu, ta kuma zo da wata sabuwa a koya mata. Mun yi zama biyu. Za mu ci gaba in Allah ya yarda.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Na tarar an kwantar da wani tsoho makiyayi da aka kawo daga arewa, ɓarin dama ya shanye, ba magana. Lokacin juyi ya yi, abokiyar aikina, wadda ba ta daɗe da fitowa makaranta ba, ta kama kafaɗarsa. Na ce ta dakata. Na zagaya inda zai gan ni, na yi masa sallama, na ce, "Baba, za mu juya ka don bayanka ya huta. Ta wane ɓari kake so?"

Ɗansa da ke tsaye ya ce, "Madam, ai ba shi ji. Kwana shida ba mu ga alama ba."

Abokiyar aikina ta dubi sauran gadajen da ke jiranmu. Na ce mu ɗan jira. Muka tsaya har ni kaina na fara jin nauyin tsayuwar. Can sai yatsan hannunsa na hagu ya ɗaga daga kan zanen gado, ya nuna taga.

Muka juya shi ta can, na gyara masa matashi tsakanin gwiwoyi. Ta tagar ana hango bishiyar da masu jinya ke zama, matar tsohon tana ƙarƙashinta tana hura wutar shayi. Ya kafa mata ido, ya sauke numfashi mai tsawo. Ɗan ya durƙusa bakin gadon ya ce, "Baba, ashe kana ji na?" Tsohon ya lumshe ido ya buɗe.

Allah ya kai haske kabarin Inna, ya ba mu ƙarfin riƙe abin da ta bari.